Rawanin Surukina da Kawunan Kifi

Jikata da ke karatu a Damagaram ta zo hutu bara, ta zauna a bakin tabarmata tana ta zuba. Wai a wasu ƙasashe yanzu ba a zubar da kan kifi, ba a zubar da ƙaya, har ruwan da aka wanke kifin ma ba a zubarwa. Wai akwai injin da ake ɗura wa tarkacen nan duka, a cikinsa akwai wani fallen abu mai ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa da ƙarni su wuce, abin da ke gina jiki ya tsaya. Tana faɗi tana zare ido, tana jira in riƙe baki. Na ce mata, "Ke da Allah rufa mana baki. Injin naku kamu nawa ne? Namu kamu goma sha biyu ne, kuma ran Juma'a a kan mutum yake zuwa masallaci." Ta ce kaka ta fara rikicewa. Ban rikice ba, ga yadda aka yi.

Ni 'yar masunta ce. A gefen tafkunan da ke yankin Magarya aka haife ni, na iya feɗe tarwaɗa tun ban iya ɗaura zane ba. Aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Dungas, gidan masu shanu da gona. Surukina dogon tsoho ne siriri, mai gemu kamar na bunsuru, Allah ya jiƙansa, kuma yana da doka guda wadda ba a ɗaga ta: kifi ba ya shiga gidansa. Dalilinsa shi ne na kowa a wajen: gidan nono ne, kuma kifi da nono in suka haɗu a ciki ɗaya, kuturta ce. A gidanmu kuwa mukan ci banda mu kora da fura da nono, ga yatsunmu cif, amma wa ya tambaye ni? Da ɗansa ya nace sai ni, cewa ya yi, "To, ta zo, amma ta bar ƙarninta a gidan ubanta."

Tsakanina da shi akwai kunyar surukuta, irin ta da, ba irin ta yanzu da ake gaisawa da suruki ana danna waya ba. Ba na kallon fuskarsa, ba na faɗin sunansa, har yau ma ba zan faɗa ba. Shi kuma in yana da magana da ni, rumbun tsakar gida yake gaya wa. Sai ya tsaya ya gyara murya ya ce, "Kai rumbu, ruwan alwala ya ƙare." Ni kuwa turmi nake ba amsa. "Turmi, ga shi nan ana kawowa." Shekara uku muka yi a haka, rumbu da turmi suna ta sha'aninsu lafiya lau.

Sai fari ya zo. Damina ta gaza, ta sake gazawa, shanu suka fara faɗuwa a bakin rijiya. Maigida ya kora waɗanda suka rage kudu, ya tsallaka wajen danginsu a Najeriya, ya ce sai ciyawa ta fito. Aka bar mu mu huɗu: tsohon, da matarsa da nake kira Inna, da ni, da 'yata. Sai wata akuya da ba ta da komai a hantsa, sai kyanwar gida. Gidan da a da ake ba kare kindirmo, ya zama ba ɗigon nono. Nawa ma ya ƙafe, dole aka yaye yarinyar tun ba ta fara tafiya ba. Abincinmu jar dawar agaji da kamyo, babbar motar kaya, yake kawowa Dungas, a dama kunu tsararo wanda kake ganin fuskarka a ciki.

Yarinyar ta fara canzawa. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ta daina kuka, ta daina dariya, sai dai a ajiye ta a zo a same ta inda aka ajiye ta. Kuma 'yar fari ce. Kun san al'ada: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban manya, in ta faɗi ma sai dai in kau da kai in bar Inna ta ɗaga ta. Ina wuce ta da tulu a ka kamar 'yar maƙwabta ce. Na ga yara biyu a ƙauyen da suka fara haka, na kuma ga inda aka kai su.

Inna ta goya ta zuwa gidan likita a Dungas. Da ta dawo ta ba tsohon labari, ta ce ma'aikacin ya danna ƙafar yarinya da yatsa, wurin ya zauna rami bai taso ba, ya ce ba ciwon allura ba ne, a ba ta nono, ko ƙwai, ko nama. Tsohon kuwa ya san duka ukun babu. Sai da muka zo daka mu biyu Inna ta yi tsaki ta ce, "Har da kifi ya ce, ɗan banza. Ka ji mutumin da ba ya tsoron Allah." Na ci gaba da daka.

Akwai wani tafki gabas da mu, tafiyar hantsi ɗaya, wanda ko a farin nan bai ƙafe ba, ya dai janye. Da ruwan ya janye sai kifi ya taru wuri ɗaya, masunta suka yi sansani, mata na banda da shanya, fatake na zuwa daga Najeriya suna lodi. Wannan ba namu ba ne, na masu abin hannu ne. Abin da ya ɗauki idona yana bayan bukkoki: tsibin kawunan karfasa, da ƙaya mai sauran tsoka a jiki, da ƙwan kifi, da hanta, an watsar ungulu na shagali. Na je neman itace ne wai, amma na tsaya kusa da wata tsohuwa mai shanya, na ga hannunta ya gaji, na karɓi wuƙar. Kifi uku na tsaga ta dube ni ta ce, "Ke 'yar gida ce. Wa ya kai ki cikin masu shanu?" Na ce ƙaddara. Daga ranar in na taya ta aiki sai in cika ƙwarya da kawuna, in rufe da ganye, in ɗora itace a kai.

Gida ba ya shiguwa da wannan kaya. Amma maƙwabtanmu na bayan danga sun yi gudun yunwa, sun bar kango da tsohuwar tukunya da turmi mai tsaga. Nan na buɗe ma'aikatata.

Aikin na uwata ne, tana yi wa yaran da aka yaye da tsofaffin da ba su da haƙori. Za ka cire maɗaciya tukuna, in ka fasa ta ka yi asarar wahalarka. Ka wanke kayan, ka dafa su har kai ya saki, ka zuba a turmi ka kirɓa, ka ƙara ruwa ka dama. Sai tata. Ta farko da kwando, ya tare manyan ƙasusuwa. Ta biyu da tsohon zane, ya tare ƙananan ƙaya da ɓamɓaroki. Abin da ya wuce ruwa ne fari-fari mai ƙarnin da zai kori baƙo. Sai ka zuba masa jiƙon tsamiya ka bar shi ya huce, ka ga yana tsinkewa kamar nonon da za a yi cuku. A tata biyun farko abin da ya wuce kake so. A ta uku abin da ya tsaya kake so, ruwan ƙarni ya tafi abinsa, farin ya zauna a kan ƙyalle. Wannan farin shi ne maganar duka.

To a ta ukun nan na maƙale. Uwata tana da ƙyallenta na musamman, ni ba ni da shi. Na gwada zanen saƙi, farin ya bi ruwa ya zube ƙasa, na zauna ina zagin masaƙa. Na gwada buhun dawa, haka. Na gwada kallabina, ruwan ya ƙi wucewa, da na matsa da ƙarfi rini ya zuba, na sami abin tsoro shuɗi wanda ko kaza ta ƙi. Kwana biyar ina wannan wahala, yarinya na ƙara nauyin ƙafa.

Ran Juma'a tsohon ya fito za shi masallacin Dungas. Yana da rawani guda, farar harsa da ya sayo a Kano tun yana da ƙarfinsa, ba ya naɗa shi sai Juma'a da Salla. Ina durƙushe ina tankaɗe ya wuce, iska ta ɗaga jelar rawanin, rana ta ratsa ta. Allah ya yafe mini. Mutane na ganin dattijo za shi ibada, ni mataci nake gani yana tafiya.

Ran Asabar ni ke share ɗakinsa in ya fita hira gindin gawo. Adakar da yake ajiye rawanin ba ta da kwaɗo, don wa zai taɓa? Na taɓa. Na cusa shi cikin zane kamar mai cikin wata biyar, na tsallake danga. Na ninka shi huɗu, na ɗaure a bakin tukunya, na zuba. Wayyo, daɗi! Ruwa na ɗiga tas-tas, farin na taruwa a kai luƙui, ba ƙaya ko ta rantsuwa. Wanda ya saƙa harsar nan, Allah ya saka masa, bai san abin da ya saƙa ba. Na kankare da cokali, na shanya a faifai na rufe da wani saboda ƙuda, da ya bushe na ɗan soya shi sama-sama, na daka shi da gero da citta da kanumfari. Ƙarni ya ɓuya.

Da safe na zuba a kununta. Sai ga matsalar da ban lissafa ba: yarinyar ba ta karɓar komai sai a hannun kakanta. Amaryarsa yake ce mata, kullum shi ke ɗaukar ƙwaryar ya zauna da ita a inuwar zaure, ya sha ludayi ɗaya yana lumshe ido don ta yi kwaɗayi, sannan ya ba ta ɗaya. Ina laɓe bayan rumbu na ga ya kai ludayin baki. Na fara kalmar shahada. Ya haɗiye, ya tsaya, ya lashi gashin baki, ya sake kurɓa. Can ya ɗaga murya ya ce, "Kai rumbu, kunun yau ya yi garɗi. A ci gaba da haka." Na ce, "Turmi, an ji." Mutumin da ya yi shekara saba'in bai san ɗanɗanon kifi ba, ga shi yana neman ƙari.

Rawanin kuwa ina wanke shi da toka, in sake da sabulun salo, in cuɗa shi da lemun tsami, in turara shi, in mayar kafin Alhamis. Hancin ɗan Adam ya ruɗu. Hancin kyanwa bai ruɗu ba. Kyanwar gidanmu, wadda a da ko kallon tsohon ba ta yi, ta koma kwana a kan adaka. Ran Juma'a yana naɗa rawani tana shafa ƙafarsa tana kuka mai ban tausayi, ta raka shi har bayan gari. A Dungas kuma, in ji waɗanda suka gani, yana zama a sahu sai ga kyanwoyi biyu daga ko'ina, ɗaya har ta hau cinyarsa tana miƙa wuya sama. Ƙudaje ma sun yi nasu, amma ba wanda ya kula da su.

Wani abokinsa, malami ne na zaure, shi ya fassara masa al'amarin. Ya ce kyanwa dabba ce mai tsarki, ba ta bin mugun mutum, in ka ga tana bin bawa to akwai wani abu tsakaninsa da Ubangijinsa. Tsohon ya dawo gida yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ce wa Inna shi ba kowa ba ne, shi mai zunubi ne, amma yadda yake faɗin hakan kai ka san bai yarda ba. Ya ƙara tsawon lazimi. Ya hana a kori kyanwa daga kan tabarma. Kafin wata ya ƙare mutane sun fara tare shi a hanya a yi musu addu'a, wata mata daga ƙauyen gaba ta kawo ɗanta mai tari a tofa masa. Ni ina ɗaki na cusa bakin zane a baki, hawaye na zuba, Inna na tambaya ko cikina ke ciwo.

Inna ba wawiya ba ce. Ta ga matar ɗanta na tsallake danga kullum da hantsi, miji ba ya gari, ta dawo tana ƙamshin turare. Me za ta zata? Rannan ta biyo ni da muciya a hannu, ta faɗo kangon tana huci, tana neman ƙato. Ta same ni a durƙushe ina matse rawanin mijinta a kan tukunya, kawunan kifi na kallonta daga kwando. Muciyar ta faɗi. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Na shiga uku! Da ma ƙaton na tarar!"

Na ce, "Inna, kafin ki yi ihu, yaushe rabonki da ki danna ƙafar jikarki?" Ta sani sarai. Ita ke mata wanka, ta ga kumburin na saɓewa, ta ga baƙin gashi na tsirowa a ƙarƙashin jan, ta ji ta shekaranjiya tana yi wa akuya gwaranci. Ta daɗe a tsaye tana kallon rawanin tana kallon ƙofa. Can ta ɗaure zanenta ta ce, "Ba haka ake matsa ba, za ki yaga masa. Kawo bakin nan." Muka kama, ita gefe ni gefe. Sharaɗinta ɗaya, ta sa na rantse: ko ɗigon nono kada ya kusanci kunun nan. Na rantse da zuciya ɗaya, tunda nonon ma ina yake?

Muka yi makonni a haka. Yarinya ta fara rarrafe da gudu, ta fara kama danga tana miƙewa. Tsohon ma, da ƙarfinsa ya fara dawowa, ya koma zuwa gona da kansa yana duba ko ƙasa ta yi sanyi. Duk wannan a wajensa albarkar lazimi ce.

Asirin ba ni na tona shi ba, kuma ba kyanwa ba ce. Wata safiya Inna ta zagaya zaure neman tsintsiya, sai ta ga tsohon ya waiga hagu ya waiga dama, ya zaro wata 'yar gora daga hannun riga, ya tsiyaya farin abu a ƙwaryar kunu, ya juya da ludayi. Matar nan da kullum take kukan gwiwa, wallahi tashi ta yi sama. Ta doke ƙwaryar, kunu ya wanke masa gemu, tana ihu, "Kada ka sha! Kada ka ba ta! Akwai kifi a ciki!"

Na fito da gudu na tsaya bayan rumbu. Tsohon na zaune, kunu na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Akwai me?" Inna ta fashe da kuka tana faɗin kuturta, tana jan hannun yarinya tana dubawa. Ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce tun kafin watan jiya. Ita kuma ta share ido ta ce, "Kai kuma nonon fa, daga ina? Yau ka fara?" Sai ya sunkuyar da kai. Ashe matar nan da ya tofa wa ɗanta, tana da akuya mai ɗan abin tatsa, kullum da asuba take aiko masa da 'yar gora sadaka saboda waliyyin Allah. Bai isa a raba ba, ya ji kunyar faɗa, sai ya riƙa zuba wa amaryarsa a ɓoye. Ya fi kwana talatin yana yi. Wato kwana talatin shi da jikarsa suna shan kifi da nono a ƙwarya ɗaya, kowa a gidan yana ɓoye rabin laifin.

Ya ɗaga hannuwansa ya juya su, ya duba yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya kama na yarinya ya duba, ya duba kunnuwanta, ya duba hancinta. Ita kuwa tana lasar kunu a gemunsa. Na ɗauka an tsira. Sai ya ce, "To kifin nan, ya aka yi ban taɓa jin ƙaya ba? Da me ake tacewa?" Inna ta dubi ƙasa, ni na dubi turmi. Daga cikin ɗakinsa, a kan adaka, kyanwa ta yi miƙa ta yi kuka.

Ya tashi ya shiga. Muka ji ƙarar murfin adaka. Muka ji ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja. Da ya fito fuskarsa ba ta kifi ba ce, ba ta kuturta ba ce, fuskar mutumin da aka sauke daga waliyyantaka da rana tsaka ce. Ya tsaya gaban rumbu ya ce, "Kai rumbu, gobe a haɗa kayan 'yar masunta, a mai da ita gidan ubanta. Yarinya ta gidan nan ce, tana nan."

Nan dariya ta ƙare mini. Tafiyar ba ta dame ni ba, gidanmu ba a kwana da yunwa irin tasu. Amma in na tafi wa zai je tafki? Inna da gwiwarta? Wata biyu ya isa ƙafar nan ta koma yadda take. Zuciya ta ɗebe ni, ni dama ba a san ni da haƙuri ba, na ce da ƙarfi, "Turmi, ka gaya wa rumbu na ji. Amma ka tambaye shi, shi da ke cike da iska, me zai ba yarinyar jibi?" Inna ta toshe mini baki da tafin hannu. Tsohon bai waigo ba. Na wuni ina ɗaure 'yan komatsaina, ina kallon yarinyar ta gefen ido, ko a ranar kunya ba ta bar ni na ɗauke ta ba.

Kashegari Juma'a ce. Inna ta dama kunu da kanta, na dawa zalla, don tsoro. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina da ƙunshina, ina jiran mai amalanken da zai kai ni. Tsohon ya ɗauki ƙwarya ya zauna da amaryarsa. Ya sha ludayi ɗaya, ya yi ƙoƙarin lumshe ido, abin ya ƙi. Ya ba ta, ta kurɓa, ta furzar, ta ture ludayin. Ya lallashe ta, ta kama gemunsa ta miƙe tsaye a kan ƙafafunta biyu tana masifa da yarenta. Ya daɗe yana kallon ƙafafun nan. Sai na ga ya sa babban yatsa ya danna bayan ƙafarta, yadda Inna ta kwatanta masa ran da suka dawo daga gidan likita. Ya ɗaga. Wurin ya taso nan take. Ya sake dannawa a ɗaya ƙafar, ya taso.

Ya ajiye ta, ya shiga ɗaki, ya fito da rawanin a hannu. Na ce yau kuma ƙonawa za a yi a gabana. Ya warware shi, ya auna da hannu, kamu ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sa haƙorin da ya rage masa ya ɓantari gefen, ya ja. Ƙyat ɗin nan har yau ina jin ta a kunnena. Inna ta ce, "Harsar Kano!" Bai kula ta ba.

Abin da ya biyo baya kowa a ƙauyen ya sani. Ya je da ƙafarsa ya gaya wa mai akuyar gaskiya, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ita dai ɗanta ya warke, kuma ba ta fasa aiko da gora ba. Kyanwoyin Dungas suka yi Juma'a biyu suna shinshina shi suka watse. Mata uku suka fara bi na tafki, kangon ya cika da hayaƙi, ƙyallen nan ya zaga gidaje har ya yi baƙi. Dokar kuwa ba a ɗaga ta ba, kada ku zata. Har ya rasu kifi mai kai da wutsiya bai shiga gidansa ba. Fatawar da ya ba kansa ita ce, kifin da ya ratsa rawani ya bar zama kifi. Ya ƙare rayuwarsa da guntun rawani wanda ba ya rufe masa wuya, in an tambaye shi ya ce zafi ne ke damunsa.

Amma ranar, da ya yage ƙyallen, ya nufo tsakar gida. Na ɗauka rumbu za shi, na gyara zama in ji saƙo. Ya wuce rumbun. Ya wuce turmi. Ya tsaya a gabana, na ga yatsun ƙafarsa a cikin takalmi, ban ɗaga kai ba. Ya ce, "Ke." Shekara biyar ina gidan, ranar ya fara ce mini ke. Ya saki ƙyallen a kan ƙunshina ya ce, "Wannan na aiki, wancan na masallaci. Kada a sake haɗa mini su." Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya ce a hankali, "Allah ya yi miki albarka, 'yar masunta. Je ki, rana na yi, tafkin da nisa."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na je zaure na sunkuci yarinyar daga ƙasa, a gaban Inna, a gaban tsohon, a gaban mai amalanken da ya iso yana sallama. Na rungume ta na kira ta da sunanta, sunan da tun ran suna bai fito daga bakina ba, na kira na sake kira ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Inna ta buɗe baki za ta ce ba a haka, tsohon ya ce mata ta je ta sallami mai amalanke.

Yarinyar nan ita ce uwar wannan mai ba ni labarin inji. Da na gama ba jikar tawa nawa labarin sai ta tashi ta fita da waya, na ji ta a bayan ɗaki tana tambayar uwarta ko ta ci abinci.